Kifayen Da Na Zuba Don Marigayiya Sun Ƙi Zama

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, na gaji.

Ni tsohon tela ne, ido ya hana ni ɗinki. Shekara talatin da huɗu muka yi da matata, kuma tun tana amarya take roƙona in yi mata ɗan tafki a bayan ɗaki, da kifi da bado, ta riƙa zama tana kallo. Kullum amsata ɗaya ce, bari in gama ɗinkin nan. Bara Allah Ya yi mata rasuwa, ɗinki bai ƙare ba.

Bayan wata biyar na kira magini, muka haƙa inda take shanya, ya shafe shi da siminti. Washegari na cika shi da ruwan famfo, na zuba jajayen kifaye ashirin. Kwana biyu duk suka taso ciki sama. Na kwashe ruwan da bokiti, na sake, suka sake mutuwa. Karo na uku na yi ta ba su abinci ko yunwa ce ke kashe su, ruwan ya koma kore yana wari, su ma suka mutu. Yanzu bayana ko ruku'u da ƙyar.

Babbar 'yata ta ce ba za ta ƙara kawo jikokina ba sai na cike ramin, wai za su faɗa, ga sauro. Autana kuma wai in rufe gidan in koma wurinsa. Ban iya faɗa musu abin da ke raina ba: gani nake kamar marigayiyar ce ba ta karɓa ba, don na makara. In cike shi ne in huta?

Tsohon tela

Baba, Allah Ya jiƙan Mama, Ya ba ka haƙuri.

Ka cire wannan tunani daga ranka. Gaggawa ce ta kashe kifayen nan. Sabon siminti yana sakin wani sinadari mai kaifi a ruwa, ruwan famfo kuma akwai maganin da kifi ba ya jurewa. Abincin da ya yi yawa ruɓewa yake a ƙasa.

A cika tafkin, a bar shi mako guda, a zubar, a wanke bango, a maimaita sau uku. Sannan a sa bado da kainuwa, a ba su wata ɗaya su kama. Sai ka kawo kifi biyar kawai, abinci ɗan tsunkule sau ɗaya a rana. In sun zauna, su da kansu za su cinye tsutsar sauro. Bokiti kuwa ka ajiye shi, a nemo tiyo.

Amma 'yarka ta fi ka gaskiya a kan yara. Ruwa kamu ɗaya yana iya halaka mai rarrafe. Kafin komai, a kewaye wurin da raga mai ƙofa da kwaɗo, ka kira ta ta gani da idonta.

Autanka kuma tsoron kaɗaicinka yake ji. Su rami kawai suke gani, tunda ba ka gaya musu na wane ne ba. Ka zaunar da su ka faɗa musu, wankin tafkin ma su yi shi. In an gwada haka bai yi ba, ka cike shi ka shuka fure, babu laifi a kanka.

Allah Ya ƙara lafiya, Ya sanyaya maka zuciya.