Hujjata Ba Ta Ce Ruwa Zai Isa Ba

Huayllapata, Lahadi 14 ga Satumba, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, awa guda da tashi daga taron masu ban-ruwa.

Yaya Hermelinda,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Ya yara, ya zaman Arequipa? Nan kowa lafiya, ni ce dai raina a ɓace.

Kin san kwamitin ban-ruwa ya sa ni sake tsara yadda gonaki sittin da uku za su riƙa karɓar ruwa bi da bi, tunda ni ce mai sabon digirin lissafi. Na tsara, na kafa hujja shafi huɗu cewa kowace gona za ta samu kasonta cikin kwana goma sha biyu. Amma layin farko sharaɗi ne: idan magudanar tana kawo lita arba'in a daƙiƙa, kuma ba ta yoyo a hanya. Arba'in ɗin nan ba ni na auna ba, awon kwamiti ne na shekara tara da suka wuce.

Yau shugaban kwamiti, Don Teófanes, ya ɗaga takardata gaban mutum tamanin, ya ce lissafi ya tabbatar ba mai rasa ruwa bana, kowa ya shuka har gonar da ya bari ta huta. Na miƙe, na ce hujja ba ta taɓa ganin magudana ba, abin da aka ba ta kawai ta sani. In sharaɗin bai cika ba, kowane layi na hujjar zai tsaya daidai, masara kuma ta bushe. Ya yi dariya, wai 'yar Saturnino, wato ni, ta je birni ta koyo ƙaryata kanta. Wani daga baya ya ce ashe lissafin ma ba ya tabbatar da komai, a yar da shi. Shi ma ɓata ya yi, Yaya. Abin da na rubuta ya tabbata, abin da suke so ne bai tabbata ba.

Aka ɗaga hannu aka amince, aka buga hatimi, kin kuwa san abin da ya sha hatimi ba a taɓa shi sai taron baɗi. Har Baba ya ɗaga. Gonarsa ce ta ƙarshe a magudanar, gobe kuma zai zuba duk irin da ya ajiye, don 'yarsa ce ta rubuta. Na roƙe shi ya riƙe rabi, ya ce in daina kunyata shi cikin mutane.

Maganarki yake ji. Don Allah ki kira shi yau.

A gaida Fortunato da yara.

Ƙanwarki,
Nélida

Abin da har yanzu ban sani ba: lita nawa ke shigowa bana, nawa ƙasa ke shanyewa a kilomita ukun magudanar da ba siminti, ko Don Teófanes bai karanta layin farko ba ne, ko karantawa ya yi ya tsallake, da kuma wanda Baba zai kalla ranar da ruwa ya tsaya a gonar maƙwabcinsa.