Wai Layi Ya Zo Kanmu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da yara, Ya ƙara maka rufin asiri a wurin aikinka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida ta yi wa jikoki faɗa, kuma ka san in ta fara faɗa to lafiya ta samu. Gwaggo ta yi sabon tabarau, yanzu ba mai wuce ƙofarta a sulale ba gaisuwa. Ni kuwa ina nan a shago, bayana na ciwo in na daɗe a kan keke, idanuna kuma sun fara gardama da kafar allura.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, sai ka yi dariya ka ce Yaya ke nan, ka tambayi lafiyar yara. Makon jiya Kawu mai kantin magani ya zo gida da tsohon hedimasta da shugaban direbobin tasha. Suka cika falo, suka shaida wa Inna cewa a tsarin karɓa-karɓa layi ya zo kanmu, kujerar majalisa ta garinmu ce a wannan zaɓen, kuma duk sun duba ba su ga wanda ya dace ba sai kai. Kawu ya ƙara da cewa kun riga kun yi magana, ƙarshen wata za ka ajiye aikinka ka kwaso iyali ka dawo. Auta, da na ji haka ban yi murna ba ko kaɗan, gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda ba barci ke maganinta ba.

Kai kana goye aka fara wannan labari, ni kuwa da wayona. Da can garin nan ba shi da komai sai wani ɗan ofishi inda ake karɓar haraji a yi wa jarirai takardar haihuwa. Duk abin da ya wuce haka sai an hau mota an tafi garin masu tashar jirgi. Sai aka wayi gari an ba mu ƙaramar hukuma tamu. Aka yi wa ginin nan da ke kallon shagona fenti, aka kafa allo, aka jera kujerun kansiloli, Baba ya ɗora ni a kafaɗa don in hango shugaba na farko. Fentin bai ko dushe ba gwamnati ta sauya, aka ce ƙananan hukumomi sun yi yawa, aka soke tamu aka liƙa mu da mutanen ƙetaren gada. Motar da ta kawo kujerun ita ce ta dawo ta kwashe su. Ginin ya zama wurin ajiyar taki, daga baya aka mayar mana da shi da sunan ofishin raya yanki, aka turo kantoman da bai taɓa kwana a garin ba. Allon nan an shafe an sake rubutawa har ba a san iyaka ba, in ruwan sama ya doke shi sai tsofaffin sunayen su riƙa leƙowa ta ƙasa.

Kujerar majalisa kuwa dama ɗaya ce aka haɗa mu a kanta, mu da masu tashar jirgi da mutanen ƙetaren gada. Tun da mu ne 'yan kaɗan, dattawa suka zauna suka ƙulla karɓa-karɓa, kowane gari ya yi nasa zangon ya miƙa wa na gaba. Aka ce a fara da babba, muka ce to. Aka ce sai na tsakiya, muka ce madalla. Ana gab da zuwa kanmu aka rushe majalisar gaba ɗaya, da aka dawo da ita sai manya suka ce ai sabon zubi ne, a koma farko. Muka sake bin layi kamar masu jiran famfo. A wannan jiran ne muka samu wakilin da direbobi suka raɗa wa Ina-Nan-Tafe, don ba a taɓa kiransa ya ba da wata amsa ba. Ya kama shagon da ke jikin nawa na yanzu ya ce ofishin mazaɓa ne, ya sa aka ɗinka masa labule, har ya sauka ban ga an buɗe kwaɗon ba. Wanda ya gaje shi ya zo yi mana godiya sau ɗaya, ya hau mumbari ya yi ta yabon mutanen wani gari daban, sai da aka ja masa riga.

Da layin ya sake zagayowa, Baba dattawa suka zo wa, a falon nan, da irin kalmomin da suka zo wa Inna da su makon jiya, har hedimasta na cikinsu, lokacin yana da sauran baƙin gashi a gemunsa. Doka ta ce ma'aikaci sai ya ajiye aiki kafin ya tsaya takara, Baba ya ajiye nasa na ofishin ruwa. Ana shirin fitar da 'yan takara sai hukumar shata iyaka ta ƙaro wani gari cikin mazaɓar, su kuma suka ce ba da su aka yi alkawarin ba, ba wanda zai ɗaure su da shi. Dattawan da suka zuga Baba su ne suka dawo suna ba shi haƙuri, wai ya janye don zaman lafiya, zagaye mai zuwa nasa ne. Ya janye. Ya koma ofishin ruwa ya tarar an ba wani teburinsa. Kai abin da ka sani shi ne Babanmu mutum ne mai son zama a ƙofar gida da rediyo, kana zaton hutu ne. Ni na san ranar da zaman ya fara, domin a watan ne na bar makaranta na hau keken ɗinki. Ba gori nake maka ba, wallahi ban taɓa nadamar karatunka ba. So nake ka san ba daga bakin 'yan adawa na ji labarin karɓa-karɓa ba.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali, kwanan baya wasu mutane sun zo da mota suna gwaje-gwaje a bakin gada, kuma matar akawun ofishin yanki, da ta kawo ɗinki, ta ce ana raɗe-raɗin za a sake yanka mazaɓar. Na tari Kawu da maganar a kantinsa. Ya ce jita-jitar mata ce, wannan karon alkawarin a rubuce yake. Na ce na Baba ma ai ba da baki aka yi shi ba. Ya ce in bar shiga sha'anin maza, ya miƙo mini maganin ciwon baya kyauta. Ba na cewa Kawu mugu ne. Da zuciya ɗaya yake son ganin ɗan garin nan a majalisa kafin ya mutu, sai dai shi kantinsa na nan ko an yanka ko ba a yanka ba, kai ne za ka tashi ba aiki da yara a makaranta.

Yanzu sai maganar da ta fi mini nauyi. Na san abin da ya ƙara maka ƙarfin gwiwa shi ne an ce Inna ta amince, har ta sa albarka. Gaskiya ne. Bayan baƙin sun tafi na zauna ina shafa mata man ƙafa, na tambaye ta yadda aka yi ta yarda, ita da ta ga abin da ya sami mijinta. Ta ce ita ba ruwanta da kujera, ba ta ma san inda majalisar take ba. Ta ce ta roƙe ka ka zo ka gan ta shekara da shekaru, kullum aiki ya hana, sai ga shi waɗannan tsofaffin sun yi magana sau ɗaya ka ce kana tafe. Ta ce a iya zamanta a garin nan duk wanda ya ci zaɓe babban birni yake tarewa, wanda ya faɗi shi ke zama gida. Don haka tun ranar take addu'a Allah Ya kawo ka lafiya, Ya kuma kayar da kai. Ta roƙe ni kada in faɗa maka, ga shi na faɗa, Allah Ya yafe mini.

To, Auta, ka ji irin goyon bayan da kake da shi a gida. Kujerar ban san ko za ta zo ba, na gaji da yi mata lissafi. Amma tsohuwar nan ba takara take nema ba, kuma ganinta ba ya buƙatar ka ajiye aikin kowa. Ka nemi hutu ka zo, kai kaɗai ma ya isa, ka zauna a gefen gadonta ta yi maka faɗan da ta tara.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka ce mata ta karanta wannan takarda ita ma, don na san ta fi ka jin magana. Ka shafa mini kan takwarata da ƙannenta. Gwaggo da maigidana da yarana duk suna gaishe ku. Inna ba ta san na rubuto ba, shi ya sa ba ka ga gaisuwarta a nan ba, sai ka zo ka karɓa da kanka.

Wassalam,
Yayarka mai ɗinki.