Furen Bakin Baranda

Daren Talata, ƙarshen damina

Na kasa barci. Tun da na dawo Unguwar Kanawa maganar furen nan take cin raina.

Da hantsi Hajiya, wadda nake wa aikin lambu, ta leƙo daga baranda ta ce, "Baba Sule, furen nan ya mutu. Ranar Asabar a tumɓuke shi."

Na ce, "Hajiya, bai mutu ba, haka yake yi duk shekara. Da damina shuɗi ne. In ruwa ya fara ɗaukewa sai ya koma kore-kore, daga nan ya yi ja kamar busasshen zoɓo."

Wai ta duba a waya, sunansa haidaranjiya, kuma ba ya jure zafin Kaduna. Ni ban san sunansa ba. Na san dai daga Jos aka kawo shi a gwangwani, ni na dasa shi, gidan ya sauya hannu sau uku ina nan. Ni ke binne masa tsofaffin ƙusoshi don shuɗin ya fito.

Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta juya ta shige ciki. Wannan shigewar ta fi damuna.

Gobe zan ba ta haƙuri kafin in fara ban ruwa. Amma na yanko rassansa uku don in dasa, ga su nan cikin kwanon shana a bayan ƙofa. In ta nace, ta sa direba ya tumɓuke. Hannuna ba zai iya ba.