Ni Na Juya Ƙarfen, Ba Auta Ba

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɗan baƙon da Allah ya kawo mana. Allah ya mayar miki da ƙarfin jikinki, ya raya shi, ya sa mai jin ƙan iyayensa ne. Mu nan kowa lafiya, sai gwiwata ta hagu da ta saba yi mini tsiya da safe. Gwaggonki ta rabu da tarin nan, har ta koma faɗanta da kajin maƙwabta. Matar ƙaninki Auta ta shiga wata na shida, tana fama da kumburin ƙafa, amma likita ya ce ba abin damuwa ba ne.

Hoton takwarana kuwa, babu wanda ban nuna wa ba a layinmu. Mai kanti ya gani, Mai Faci ya gani sau huɗu, har mutumin da ke zuwa duba mitar wuta sai da na tsayar da shi a rana ya kalla. Kowa ya ce kunnuwana ne sak. Gwaggonki ta ce Allah ya sa abin ya tsaya a kunnuwa, kada ya haɗa da taurin kan. Ranar da maigidanki ya bugo waya ya ce sunana aka sa wa yaron, zama na yi a kan dakalin ƙofar gida ina share hawaye da hannun riga, mutane na wucewa suna tambaya ko rasuwa aka yi. Shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

To, Uwata, akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro mako uku ke nan. Sau uku ina kiran ki da niyyar in faɗa, ke kuma sai ki kara wa yaron wayar in ji kukansa, sai maganar ta koma ciki. Shi ya sa na ɗauki biro. Hannuna ba ya sauri, kin san da furfurata na shiga ajin yamma na koyi rubutu, amma takarda ba ta katse mutum. Ki daure ki karanta har ƙarshe. Maganar hatsarin nan ce da keken ɗinkin mahaifiyarku ya karye a ciki.

Kin san tun da maigidanki ya bar wa ƙaninki jif ɗinsa, da ita yake jan 'yar tirelar da yake ɗora janareto da bututu idan zai tafi gyaran rijiyoyin burtsatse. A bayan motar akwai wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar gwiwa, a ƙarshensa dunƙulen ƙarfe kamar lemo, a kansa bakin tirela yake zama. Bayan jif ɗin yana da bisa, tirelar kuma tana ƙasa-ƙasa, shi ya sa lanƙwasar take kallon ƙasa. Auta ya ɓata rabin yini a kan wannan ƙarfe lokacin da ya saye shi. Ya kai motar fili mai shimfiɗaɗɗen siminti, ya loda kaya, ya riƙa auna gaban tirela da bayanta da tef har sai da suka zo daidai. A gabana ya yi. Ya kuma gaya mini cewa idan hancin tirela ya ɗaga sama, nauyi baya yake komawa, daga nan sai ta fara kaɗa wutsiya a kan hanya, ta ja motar duk inda ta ga dama. Na ji da kunnena, na ce to.

Abin da ya haɗa ni da ƙarfen nan shi ne gangaren ƙofar gida. Da na ji kin sauka lafiya, murna ta hana ni zama, na kwaɓa siminti na sake shafe gangaren da hannuna, don ranar da za ku kawo mini yaron ku tarar da ƙofa mai kyau. Shekara talatin da takwas ina gini, ban taɓa shafe wuri ya yi sumul kamar wannan ba. Sai ga shi duk shiga da fitar Auta, ƙarfen nan sai ya karci simintin, ƙuuu, har cikin haƙorana nake ji. Na yi masa magana sau biyu, ya ce in yi haƙuri zai riƙa shiga a karkace. Ban yi haƙurin ba. Ranar Laraba da ya ɗauki matarsa a babur suka tafi asibiti, na je na aro babbar sifana wurin Mai Faci. Na zare sakatar da ke riƙe shi, na juya ƙarfen lanƙwasar ta kalli sama, na kwance dunƙulen na mayar da shi bisa na ɗaure tamau. Awa guda cur na yi ina gumi, don haka ba zan ce kuskuren hannu ba ne. Dunƙulen ya tashi kusan taƙi guda. Har man giris na shafa masa, na ja baya ina kallon aikina ina jin daɗi. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar muka loda kayan da kika ce a aiko miki: gadon jariri, akwatunan littattafanki, da keken. Motar da za ta ɗauke su daga tasha ƙarfe goma za ta tashi. Da Auta ya sarƙafa tirelar, ya tsaya ya karkata kai, ya ce shi fa yana ganin kamar hancinta ya yi sama, bari ya ɗauko tef. Maimakon in buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ce tsakar gidan ce ba ta miƙe ba, ni magini ne na fi shi sanin ƙasa, kuma rana tana yi. Ni ne kuma na sa aka ajiye keken da akwatunan a can ƙarshen baya, wai don a fara sauke su. Ya ce nauyi gaba ya kamata ya zauna. Na tambaye shi ko yau shi zai koya mini lodi. Ya shiga mota.

Bayan mun wuce gada, a kan gangara, wata babbar mota ta wuce mu da iska. Sai na ji bayan jif ɗin ya yi dama, ya yi hagu. Na leƙa madubi na ga tirelar tana lilo, kowane juyi ya fi na baya faɗi. Auta bai taka birki da ƙarfi ba, ɗage ƙafa ya yi ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana ce mini in riƙe kujera. Idona na kan allurar gudu, ba ta kai sittin ba. Tirelar ta kife cikin kwalbati, ta fizgi bayan motar har fitila ta fashe, amma ya tsayar da mu a kan ƙafa huɗu. Da wani direban ne, da yanzu ta'aziyya aka rubuto miki. Keken kuwa ya yi tsalle ya daki bakin kwalbati, wuyansa ya rabu gida biyu. Mai walda ya ce irin wannan ƙarfe na zubi ba ya riƙe walda, ko an haɗa ba zai sake ɗinki ba.

Sauran kin san shi, domin ke kika faɗa. Ina tsaye kusa da Auta lokacin da kika ce masa a waya tun yana yaro bai san darajar kayan mutane ba, abu ɗaya tak da mahaifiyarku ta bar miki da bakinta ya je ya farfasa da gudun banza, kuma ƙarshen wata abokin maigidanki zai zo ya karɓi makulli. Daga nan kika ce a ba ni wayar, kika tambaye ni ko gudu yake yi. Na ce miki ni ban lura ba. Na lura, Uwata. Kunyar surukina na ji, mutumin da ya ɗauki sunana ya ba ɗansa, ya ji cewa tsohon banza ya kusa kashe ɗansa Auta saboda siminti. Sai na bar yaro ya ɗauki kayan da ba nasa ba.

Mako ukun nan kullum da safe Auta yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa, ya miƙo magani. Ya soke ayyuka biyu na watan gobe don bai san da me zai ja janareto ba, ga matarsa da ciki. Ni kuwa abinci ya daina yi mini daɗi. Shekaranjiya na same shi a tsakar gida yana wanke motar ciki da waje, wai don a zo a same ta da tsabta. Na duba baya, na ga ƙarfen ya koma yadda yake a da. Na ja kujera na zauna, na fara kame-kame. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce tun a bakin kwalbati ya gani, ga sabon giris, ga sawun sifana a jikin noti, kuma ya san a duk gidan mutum ɗaya ne ƙarar simintin take damu. Ya ce shi ma da laifinsa, tunda direba ba ya tashi sai ya auna, ko wa ya hana shi. Ya ce fushin yayarsa abu ne da zai iya ɗauka, amma ba zai iya tsayawa a yi maganar ubansa a gidan surukai ba. Ya roƙe ni in bar zancen ya mutu a nan. Yana faɗa yana ta goge madubin da ya riga ya goge. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ban bar zancen ba, ga shi a hannunki. Abin da nake roƙo, ki karanta wa maigidanki takardar nan duka, kada ki tsallake layi ɗaya don rufa mini asiri. Mota tasa ce, idan ya ga dama ya karɓa, amma ya karɓa yana sane da wanda ya yi ɓarnar. Keken mahaifiyarku ba ni da abin da zan maye miki gurbinsa da shi, kuma ba zan ce ki yafe mini yau ko gobe ba. Sai dai ki sani, aljihun keken ya zube a cikin ciyawa ranar, ni ina zaune a gefen titi, ƙaninki ya durƙusa ya tsince kayan ɗaya bayan ɗaya: almakashinta, ƙoshiyoyin zare, alli, da maɓallan nan da take tarawa a gwangwanin madara. Ya fi awa yana nema. Suna wurinsa a ƙulle cikin tsumma, bai san ta yadda zai aiko miki ba tunda ba kya ɗaukar wayarsa.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da surukarki da ta zo zaman jego, Allah ya saka mata da alheri. Ki shafa mini kan takwarana. Gwaggonki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci da zafinsa. Kawunki na kasuwa da iyalinsa suna gaisuwa, haka matar Auta, haka Mai Faci, wanda sai jiya na mayar masa da sifanarsa. Auta bai san na rubuto ba, don haka bai ba ni saƙon gaisuwa ba, ni kuma ba zan ƙirƙira masa ba, ƙaryar da na yi ta isa. Lambarsa tana nan ba ta canja ba. Kada ki kira ni sai kin kira shi.

Ni ne mahaifinki,
Baba