Ranar da Na Mai da Tatay Teku

Litinin, 8 ga Afrilu

Na iso garinmu Baclayon da ke bakin teku, asibiti sun ba ni hutu. Na tarar da Tatay, wato babana, zaune a ƙofar gida, ya rame ƙwarai. Na durƙusa na ɗora hannunsa a goshina kamar yadda muke gaida manya, sai ya ce, "Sannu da zuwa, wa kike nema?" Na ce, "Ni ce Perla, autarka." Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa baƙi.

Talata, 9 ga Afrilu

Zan kai shi teku. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin balyena, ƙaton kifin nan na teku, da mashi, da aka hana farautar ya koma kai baƙi kallonsu. In ya shaƙi iskar gishiri ya ga kifayen dolfin, dole wani abu ya motsa a kansa.

Yayana Manoy Rodel bai so ba. Tun rasuwar mahaifiyarmu shi ke yi masa wanka, shi ke ba shi abinci a baki. Ya ce, "Inday," haka yake kirana, "ke hutu kika zo, ni a nan nake. Bar tsohon nan ya huta." Na ce ai ni nas ce. Ya ce, "To, nas, ɗauko tawul da wandon canji."

Laraba, 10 ga Afrilu

Iska, ba a fita ba. Tatay ya tambayi sunana, na faɗa, ya sake tambaya.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ban san ta ina zan fara ba.

Ni da Tatay da Manoy mun fita da hudowar rana a jirgin Teban, wanda a hannun Tatay ya koyi tuƙi. Akwai wasu ango da amarya daga Manila. Teban yana ta zolayar Tatay, "Nong Sebio, yau kai ne kyaftin, ni ɗan kallo ne."

Da gaɓa ta yi nisa sai Tatay ya firgita. Ya ƙanƙame benci yana cewa, "Ku mai da ni gida, ban iya iyo ba." Shi. Wai bai iya iyo ba.

A daidai nan dolfin suka ɓullo, garke guda, suna tsere da goshin jirgi. Amarya tana tafi. Na tallafo fuskarsa, "Tatay, duba mana, ga su nan, duba." Ya runtse ido, ya cusa kai a cinyata yana kuka, "Nanay, Nanay." Uwarsa yake kira, wadda ta rasu tun ba a haife ni ba. Ya jiƙa wandonsa. Manoy ya rufa masa tawul, bai kalle ni ba. Teban ya juya jirgi ba wanda ya ce masa.

Kullum ina lallashin iyayen wasu a asibiti, amma nawa na rasa abin da zan yi masa. Ko dolfin ɗaya ban gani da kyau ba, hucin numfashinsu kawai nake ji a bayana. Da muka sauka angon ya ba mu haƙuri, alhali mu muka ɓata musu fita.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Manoy bai ce "ai na gaya miki" ba. Da ya faɗa da na ji sauƙi.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Bayan coci na ce Manoy ya je ya kwanta, har yamma bai motsa ba. Ni na yi wa Tatay wanka, na dama masa kunun shinkafa da busasshen kifi. Da farko ya kau da kai. Can ya kama gefen rigata ya ce, "Nanay, babana ya dawo daga teku?" Na ce, "Tukuna dai, yana hanya. Buɗe baki." Ya buɗe, ya shanye tas.

Sai ina wanke kwano na tuna abin da na amsa. Ba wani abu ba ne, don ya ci abinci ne kawai.

Gobe ma ni zan yi masa wanka.