Gashin Kyanwar Malam

Pauwa, daren Laraba, tsakiyar damina.

Yau ma na share gashin kyanwar nan a kan tabarma, ya kai cikin tafin hannu. Bayanta duk ya zube, fata na leƙowa kamar tsohon buzu. Sanda mijina Malam yana da rai, in an tatso shanu sai ya zuba mata madara a sakaina kafin kowa ya taɓa ƙwaryar. Ta ƙoshi, ta shige ƙarƙashin rumbu ta kama ɓeranta. Gashinta har sheƙi yake yi.

Yanzu ina shanun? Ɗana Sani ya sayar, ya tafi Kaduna aikin gini, wai can kuɗi kamar ƙasa. Ba wanda ya noma gonar, rumbu wayam, ɓera ma ya yi ƙaura. Gayan tuwo nake jefa mata.

Da la'asar maƙwabciyata Dije ta zo yi mini kitso. Ta dubi kyanwar ta ce, "Yaya, wannan ba ciwo ba ne, rashin maiƙo ne. Ki samo mata ɗan man shanu ko kan kifi." Na ce to, kamar ina da shi.

Sai ta fara taje mini kai. Tana dunƙule abin da ya biyo mataji tana turawa ƙarƙashin tabarma don kada in gani. Na gani.

Bayan ta tafi na ciro, na haɗa da na kyanwar, na binne su rami ɗaya a bayan ɗaki. Ai tukunya ɗaya ke ciyar da mu.