Ka Kira Uwarka Da Hantsinmu

Zuwa ga ɗana na fari, mazaunin Kanada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyalinka kuna lafiya. Mu nan Birnin Gwari sai godiyar Allah. Ka san ban yi boko ba. Maƙwabcinmu Malam Yohanna, tsohon hedimasta, shi ke rubutawa ni ina faɗa, kuma na gargaɗe shi kada ya tausasa mini ko kalma ɗaya. Na ce a sa takardar nan inda kowa zai gani, tun da duk saƙon muryar da na tura maka, hoton babban yatsa kake maido mini.

Maganar uwarka ce. Tun da 'yan daji suka tashe mu daga Kuyello, muka baro gona da rumbu da awaki, kanta bai koma daidai ba. Da hantsi, in ta sha koko ta zauna a rana, garau take. Ta san kowa, har faɗa take yi mini in na bar buta a hanya. Amma da la'asar ta yi sanyi sai ta rikice gaba ɗaya. Ta ɗauki gyale wai za ta je ta koro awaki. Ni kaina takan dube ni ta tambayi ƙanwarka Hauwa ko baƙon wa ne.

Kai kuma daidai wannan lokacin kake kira. A kara mata waya a kunne, ta saurara, ta ce a sallami mai tallan nan. Sai ka gaya wa Hauwa wai Inna ta manta da kai. Ba ta manta da kai ba. Kai ne kake zuwa bayan kasuwa ta watse.

Na ce ka riƙa kira da hantsi, ka ce lokacin nan tsakar dare ne a wurinku. Gaskiya na ɗauke shi rainin hankali. Rana guda ce Allah Ya yi, ban taɓa jin an ba Kanada tata dabam ba.

Sai da na kai ƙorafinka wurin Malam Yohanna. Ya shiga gida ya fito da kabewa da tocila. Ya ce duniya kamar kabewar nan take, tana juyawa, gefen da ya fuskanci rana shi ke da haske. Ya ce a da kowane gari da tsakar ranarsa, in inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa shi ke nan, ba ruwan kowa da na wani. Sai Turawa suka yi jirgin ƙasa. Direba ya taso da agogon garinsu, mai tasha yana jiransa da agogon nasa garin, fasinja ya zo ya tarar jirgi ya wuce, wani lokaci ma jirage biyu su haɗu a kan layi ɗaya. Da abin ya ishe su sai suka zauna suka raba duniya tsaga-tsaga, kamar layukan jikin kabewar, kowace tsaga da agogonta, suka fara ƙirga daga wani gari nasu a Ingila.

Na tambaye shi wa suka shawarta a cikinmu, kuma don me ba a fara daga Makka ba. Dariya kawai ya yi. Har yau ban huce da wannan ba.

Amma na yarda ba ƙarya ka yi mini ba. Dama ai mun san wani abu kamar haka. Kawunka da ke Maiduguri duk azumi sai ya bugo mini yana kurɓar kunu da ƙarfi don in ji, alhali mu nan rana ba ta ko taɓa kan itatuwan dajin Kamuku ba. Iyakar abin da na yarda da shi ke nan. Kada ka yi murna.

Domin ni abin da na tsinta a bayanin Malam shi ne wannan: waɗanda suka tsaga duniyar nan sun yi ne don kada mai zuwa da mai jira su saɓa. Don mutum ya san lokacin ɗan'uwansa ya same shi. Kai kuma ka ɗauki abin da aka yi don a haɗu ka mai da shi hujjar rashin haɗuwa. Malam ya ce har agogonku kukan tura gaba ku dawo da shi baya a cikin shekara, ƙasa guda ɗungum, don jin daɗin fita aiki. To ƙasa ta iya matsar da agogonta, kai ba ka iya matsar da barcinka ba?

Shekarar da ka yi ƙyanda muna Kuyello, damina ce, hanya ta yanke, ba mota ba asibiti. Matar nan goye da kai take kewaya tsakar gida har ka warke. Ban ji ta ce ba lokacinta ba ne.

Ba na ce ka baro aikinka ka taho ba. Na san hanyarmu, ba zan so ka biyo ta don ni ba. Kuɗin da kake aikowa ma ban raina ba, amma ba su iya gaisuwa.

Yanzu ka saurara, ga abin da ya sa na tara maka jama'a. Kai ɗan fari ne. Tun ranar sunanka uwarka ba ta taɓa kama sunanka a baki ba, saboda kunya. "Yaron nan" take cewa, ko da ka yi gemu. Ranar da za ka tafi ta bi ka har bakin tasha, ta kasa ce maka komai sai "a sauka lafiya", tana kallon ƙasa. Kai ka sani.

To ciwon nan ya cire mata kunyar. Kullum da hantsi, da ta ajiye kofin koko, sai ta kira sunanka, cikakke, yadda liman ya raɗa maka shi. Ta ce ina kake, ka ci abinci kuwa? Ranar farko da na ji, fita na yi waje, don kada Hauwa ta ga fuskata. Kai tun da aka haife ka ba ka taɓa jin sunanka a bakinta ba, ga shi tana ta faɗa wa bango.

Kuma hantsin nan raguwa yake yi. Da can takan kai azahar da hankalinta. Yanzu ba ta kaiwa.

Saboda haka ran Juma'ar nan, da rana ta hau katangarmu, zan shimfiɗa mata tabarma a gindin dalbejiya inda sabis ke kamawa, in zauna kusa da ita da waya a hannu. Malam Yohanna zai gaya maka ƙarfe nawa ke nan a taku tsagar, wannan aikinku ne na 'yan boko. In ba ka kira ba, Asabar ma zan fito. Ka san taurin kaina, a wurina ka gada.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya yi wa 'ya'yanka albarka, Ya sa su tashi dominka ranar da kake bukata. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya ara wa uwarka hankalinta har ka ji abin da take ajiye maka. Amin.

Ni dai ban sa an rubuta sunanka a takardar nan ba, kuma ba zan sa ba. Ka kira ka ji shi a bakinta.

Ni ne ubanka,
daga Birnin Gwari.